Ruwan Indararonka, Ina Yake Kwana?

Shirin faɗakarwa na yau bai yi nisan zango ba. Yana nan cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku, kuma zancen ruwa ne da ƙasa: ruwan da ke sauka a kan kwanon rufi, da ƙasar da yake ɗauka idan ya kama hanya.

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a watan Agusta, bayan an kwana ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya san abin da ake tararwa a bakin manyan tituna, ko titin Zariya ne, ko titin Kotu, ko na Maiduguri. Yashi ne kwance a gefen kwalta, mai laushi, wankakke, har da ɗan zane-zane a kansa inda ruwa ya bi. Masu adaidaita sahu na kauce masa, mai babur ɗin da bai kula ba ya sha ƙasa. Kafin hantsi samari sun fito da shebur da baro, sun tara shi tsibi-tsibi, suna jiran mai gini ya zo ya taya. Sana'a ce, kuma suna rage wa lambatu kaya, Allah ya yi musu albarka. Sai dai babu mai tsayawa ya tambayi inda yashin nan ya fito, alhali ba tifa ce ta zubar da shi ba.

Amsar tana cikin lungu. A shiga ɗaya daga cikin layukan da kwalta ba ta kai ba. Za a ga gidan da lokacin da aka gina shi taki ɗaya ake yi a shiga zaure, yau sai an hau matakala uku, biyu daga ciki bulo ne aka jera daga baya. Za a ga bututun famfo da aka binne shekarun baya ya fito fili, yara na tsallake shi. Ga buhunan siminti cike da ƙasa jingine da gindin katanga, rana ta ƙona su sun yayyage. A irin wannan layin ake jin musun da ba ya ƙarewa. Na ƙasa ya ce wa na sama, "Alhaji, ruwan gidanka ne fa ke cin gindin katangata." Shi kuma ya amsa, "Haba Malam, ruwan Allah ne, ni ma daga sama ya zo mini." A ɗunguma wurin mai unguwa, a ce ranka ya daɗe a duba mana, shi ma ya rasa wanda zai bai wa gaskiya, domin kowannensu yana da tasa.

To bari a ɗan yi lissafi, ko a gane girman abin da Alhaji da Malam ke musu a kai. Idan ruwan sama mai zurfin milimita ɗaya ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan cif. Fuloti mai ƙafa 50 a tsaye, 50 a kwance, ya kai murabba'in mita 232. Idan aka yi ruwa mai milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Kano a tsakiyar damina, gidan nan ya karɓi kusan lita 7,000, wato jarka 278 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. In rabin gidan kwano ne, sauran rabin kuma daɓen siminti, ko cokali ɗaya ba zai nutse ba. Jarkokin nan duka za su fita ta kwata ɗaya, wani lokaci cikin abin da bai kai awa guda ba, su faɗa layi. Sai a ninka da gida ɗari. A lissafin shekaru masu yawa Kano na samun ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, kuma mafi yawansa a wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba. Abin takaicin shi ne, maigidan da ya kori jarka 278 a dare ɗaya, shi ne zai tsaya a ƙofar gida a watan Maris yana jayayya da mai kura a kan kuɗin jarka ɗaya.

Masana harkar ruwa ba sa kallon gari unguwa-unguwa ko mazaɓa-mazaɓa. Suna kallonsa ne ta abin da za a iya kira magangarar ruwa, wato duk faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarawa ya haɗu a rafi ɗaya. Kamar ƙwarya ce: duk ɗigon da ya faɗa a gefenta, gindinta zai nufa. Birnin Kano manyan ƙorai biyu ne. Ta arewa ita ce ta Jakara, wadda ke kwashe ruwan cikin gari da Fagge da Sabon Gari, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan Bompai, ta tafi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Ta kudu ita ce ta Challawa. Ruwan Gyadi-Gyadi da Tarauni da Gandun Albasa da Na'ibawa yana bin rafin Tatsawarki, wanda Salanta ke shigo masa daga wajen Sharaɗa, ya ratsa ƙasar Kumbotso, ya faɗa Kogin Challawa, kogin da matatun ruwa na Challawa da Tamburawa ke ɗiba su tace su turo wa birni. Challawa kuma ya haɗu da Kogin Kano kafin Wudil, ya zama Kogin Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya yi saura ya bi Kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Hukumar da aka kafa a 1976 domin kula da wannan doguwar hanya, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, hedikwatarta na Hotoro a kan titin Maiduguri, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwar Tarauni. Ledar ruwan da yaro ya jefa a lambatu a Gyadi-Gyadi, da ƙasar gindin katangar Malam, hanyarsu ke nan.

Kanawan dā ba su zana taswirar magangara ba, amma garin da suka gina yana da wurin ajiye ruwa. Gidan ƙasa da tubali ake yin sa, tubali kuwa sai an haƙi ƙasa, ramin da aka bari shi ne kududdufi. Kusan kowace tsohuwar unguwa tana da nata. Ba a son shi, gaskiya: ga sauro, ga wari, ga kainuwa, ga fargabar yara su faɗa. Amma idan aka yi mamako, kududdufi ne ke karɓar kason farko, ya riƙe, ya riƙa sakinsa sannu a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin unguwa su ƙoshi. Da fili ya yi tsada sai aka juya wa kududdufai. A fara da zuba shara, a bi da ɓaraguzan gini, a daddale, wata rana a wayi gari an yanka fuloti an jera shaguna. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar fili. Inda ya saba kwana nan yake nema, in ya tarar an yi falo a wurin sai ya shiga falon.

Ita zaizayar ƙasar kanta yaya take farawa? Ba daga ambaliya take farawa ba, daga ɗigo ɗaya ne. Ɗigon ruwan sama da ƙarfi yake faɗowa. In ya tarar da ganye ko ciyawa ko kara a kwance, ƙarfin ya mutu a nan. In ya tarar da ƙasa tsirara sai ya farfasa ta, ƙananan ƙwayoyinta su toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, saman ƙasa ya yi ɓawo. Idan abin ya yi nisa, shi ne fakon da manomi ke kallo ya girgiza kai. Ruwan da ya rasa hanyar nutsewa sai ya fara gudu, kuma duk lokacin da gudunsa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi sau huɗu yake ninkawa. Da fari 'yar hanya ce kamar jan cikin maciji. Damina biyu ta kai gwiwa. Bayan 'yan shekaru ta zama kwazazzabon da ake tsayawa a bakinsa a leƙa.

Akwai wata ɗabi'ar kwazazzabo da mutane da yawa ba su lura da ita ba: da baya yake tafiya. A kansa, inda ruwa ke zubowa ciki, ruwan yana kwararowa ne daga tudu ya daki ƙasan gaɓa, ya yi mata kogo, leɓen sama ya rasa abin da zai tsaya a kai ya rufta. Kowace damina kan kwazazzabo na matsawa sama, yana bin ruwan da ke ciyar da shi, ya ci gona, ya ci hanya, ya ci maƙabarta in ta tare masa gaba. Shi ya sa mai zuba shara da ɓaraguzai a cikinsa wahalar banza yake yi, ruwan farko zai kwashe su ya kai wa na gaba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙasar noma mai kaurin santimita 2 zuwa 3 tana iya ɗaukar shekara 1,000 kafin ta samu. Ruwan dare ɗaya ya isa ya wanke ta.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan labarin mutanen Anambara ne kawai, inda kwazazzaban Nanka da Agulu ke haɗiye gidaje. A 2012 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin wani shiri na yaƙi da zaizayar ƙasa da kula da magangarun ruwa a Nijeriya, wanda aka fi sani da NEWMAP. Da jihohi 7 na kudu aka fara, daga baya Kano ta shiga. Da aka zo fitar da wuraren da suka fi buƙatar agaji a jihar, sunan Ƙauyen Alu na nan Tarauni ya fito, tare da Bulbula da Gayawa, da Tudun Fulani, da Rarin ta Dawakin Tofa, da Kamanda ta Ƙiru. Shirin ya rufe a 2022. Wanda ya gaje shi a arewa shi ne ACReSAL, da aka amince da shi a watan Disamba na 2021 a kan dala miliyan 700, domin jihohin arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace.

A nan ne shirin nan ke da ɗan ƙorafi, ba a kan hukuma kaɗai ba, har da jama'a. Da zarar an ce aikin zaizaya, abin da kowa ke hange shi ne katafila da rodi da kankare. Babu musu, a unguwar da gidaje suka cushe, inda kwazazzabo ya riga ya kai gindin ɗaki, sai da babbar magudana ta kankare. Kanawa sun ga yadda aka ɗaure Jakara da kankare tun daga 2013, a aikin titin da ake kira Wuju-Wuju. Amma kankare ba ya rage ruwa ko da lita ɗaya. Santsi yake ba shi, ya ƙara masa gudu, ya miƙa shi gaba. Inda kankare ya ƙare, a nan ƙasa ke biyan bashin, kuma yawanci a unguwar talakawa ce ta bayan gari ko gonar wani. Sannan magudanar da aka kashe wa miliyoyi, muddin layukan da ke samanta tsirara suke, damina biyu ta cika da yashi da leda. Maganin da ake yi wa kwazazzabo a bakinsa rabin magani ne, ɗaya rabin yana can sama, inda ruwan ya fara taruwa.

Haka abin yake a manyan madatsu. Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da madatsar Challawa ta Ƙaraye da aka gama a 1992, in aka duba da kyau manyan kududdufai ne. Duk jan ruwan da ya shiga cikinsu da damina, launin nan ƙasar gonar wani ce daga can sama. Ruwan ya tsaya, lakar ta kwanta a gindi, wurin ajiyar ruwa ya ragu. Manomin da ke sama ya yi asarar ƙasarsa, mai noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ya yi asarar ruwa. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, laka da ciyawar kacalla sun toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki su nutse, wasu su bushe.

Abin da zai ba mutum ƙwarin gwiwa shi ne, ilimin riƙe ƙasa ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga wajen 1960 da 'yan kai yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya ɗaure wa masana irinsa kai shi ne, ga mutane danƙam, ga gonaki ƙanana da ake nomawa kowace shekara ba hutu, amma ƙasa ba ta mutu ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tashi a karkarar Kano. Jakuna su shigo birni da itace, su fita da mangala cike da takin gari. Kashin awaki da tumakin da aka ɗaure a turke ya koma gona. Ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo suna tsaye a tsakiyar gona, kowace da mai ita. Iyakar gona gamba ce ko lalle, saiwarsu ta riƙe gefe. Manomin da ya san hannunsa kuma, in gonarsa na da gangare, gicciye yake huɗa, kowace kunya ta zama ƙaramar madatsa. Shi Mortimore ɗin, tare da Mary Tiffen da Francis Gichuki, sun fitar da littafi a 1994 a kan yankin Machakos na ƙasar Kenya, inda suka nuna mutane sun ninka fiye da sau biyar daga 1930 zuwa 1990, zaizaya kuwa raguwa ta yi, saboda manoma sun yi wa gangaren gonakinsu matakala.

Yau wannan gado yana rauni. Ana gama girbi a kwashe kara tas a sayar, ruwan farko ya tarar da gona kamar tafin hannu. Takin gari ya cakuɗe da leda. Itatuwan gona suna tafiya a buhunan gawayi. Gonakin kusa da birni kuwa tuni suka zama fulotai.

Mutanen Tarauni da yawa suna wucewa ta titin Sabo Bakin Zuwo ba su san a nan ofisoshin manyan cibiyoyin binciken noma biyu na duniya suke ba, IITA da ICRISAT. IITA ta buɗe tasharta ta Kano a 1990, tana da gonar gwaji a Minjibir. A nan ne masanin wake B. B. Singh da abokan aikinsa suka yaɗa tsarin shuka layi 2 na dawa ko gero ko masara, layi 4 na wake. Manomi yana kallon abin ta fuskar buhu da harawa, kuma yana da gaskiya. Amma ta fuskar zancen yau, wake yana shimfiɗa ganye ya rufe ƙasa, ɗigon ruwa ya rasa inda zai daka, saiwarsa ta ƙara wa gona ƙarfi, harawa ta ciyar da dabba, dabba ta dawo da taki.

In ana son ganin abin da hannu da fartanya za su iya, sai a tsallaka iyaka zuwa Nijar. Mutanen Maraɗi sun san ruwa: a 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin da ke kwari, dole aka hau tudu aka sake gini. Sun kuma san fari da iska mai binne shuka. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin dashen itatuwa a yankin, Tony Rinaudo, wanda dashensa ke ta mutuwa, ya tsaya a hanya zai rage iskar tayar motarsa domin ya ratsa rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, kututturen itacen da aka sare ne yake tohowa, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ba ta buƙatar ko sisi. Lokacin sassabe, maimakon manomi ya share tohon duka ya ƙone, sai ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Mutanen wurin suka sa mata suna sassaben zamani. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar, kimanin itace miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana.

A jihar Tawa kuwa, a ƙasar Illela, fako ne ya dame su. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma suka je yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake farfaɗo da matacciyar ƙasa da ramuka. Suka dawo suka kama, suna kiran abin tassa. Da rani ake haƙa ramin, faɗinsa da zurfinsa ba su fi ɗani ɗaya ko ɗaya da rabi ba, a tara ƙasar da aka haƙo a gefen da ke kallon gangare, a zuba taki cikin tafi biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse, a shuka gero a ciki. Akwai kuma rabin wata, babban rami mai siffar jinjirin wata wanda bakinsa ke kallon tudu domin ya tare ruwan da ke gangarowa, da jeren duwatsu da ake shimfiɗawa gicciye, ana daidaita layinsu da tiyo mai ruwa irin na magina. Aiki ne mai cin ƙarfi, a rana mai zafi, kuma ba kowane gida ke da takin da zai isa ba. Duk da haka abin ya kai har aka fara cinikin fako a Illela, ƙasar da a da ko kyauta ba mai karɓa.

To me ya haɗa mai gida a Gyadi-Gyadi da tassa, shi da ba shi da gona? Dabarar ɗaya ce: a kama ruwa inda ya sauka, a rage masa gudu, a ba shi hanyar nutsewa. Indararo ko bututun rufi yana iya zuba a tanki ko duro maimakon layi, a bar ruwan farko ya wanke kwano ya wuce, a kuma rufe bakin tankin saboda sauro. Tanki mai lita 1,000 jarka 40 ne da ba za su faɗa kan katangar Malam ba, kuma uwargida ta samu na wanki. Tsakar gida ba dole ba ne a daɓe ta bango zuwa bango. A bar wani yanki da ƙasa, a dasa lemo ko gwaiba ko zogale. Mai son bulon daɓe ya shimfiɗa shi a kan yashi, kada a toshe tsakaninsa da siminti. Mai fili yana iya haƙa rami ya cika da tsakuwa ya juya rarar ruwan rufi ciki, amma nesa da harsashin gini, nesa da shadda, kuma ruwan sama kaɗai, ban da na kwata. Masu haƙa rijiyar burtsatse ba za su taɓa cewa a daina haƙa ba, sana'arsu ce, amma ruwan da suke nema a ƙasa daga sama yake shiga, in an bar masa ƙofa.

Sauran aikin na layi ne, ba na gida ɗaya ba. Inda ruwa ya fara tsaga hanya, tun tana sawun maciji, a tare ta da gajerun shingaye na dutse ko buhun ƙasa, da yawa a jere maimakon ɗaya dogo, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa domin ruwa ya tsallake ta nan kada ya zagaya ya ci gefe. Buhu wata shida ne rana ta cinye shi, don haka a bayansa a dasa abin da zai gaje shi: jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai, ko gamba. A yi musu kariya, domin awakin unguwa ba sa jin roƙo. Sannan yasar lambatu. Kowa ya san tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, kowa kuma ya san yadda take ƙarewa: matasa su yi aikin gayya, su fito da baƙar laka su jibge a bakin lambatu, a jira motar kwasa, ruwa ya riga ta zuwa ya mayar da kayan inda aka ɗebo su. Yasar da ta fi amfani ita ce ta watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko, kuma a shirya baro ko kurar da za ta kwashe tun kafin a sa shebur.

Ga masu unguwanni da dagatai da limamai, Allah ya ƙara muku lafiya, kuna da abin da injiniya ba shi da shi: kun san inda tsohon kududdufi yake, kun san hanyar da ruwa ke bi tun kafin a yi gini. Idan an zo cike wanda ya rage, ko ɗora shago a kan magudana, bakinku ne na farko da za a ji, kafin maganar ta kai hukumar tsara birane.

Mai sauraro kuwa, roƙon shirin nan ɗaya ne. Ranar da aka yi ruwa na gaba, da ya tsagaita, a sa takalmin roba a fita, a bi ruwan gida tun daga indararo har inda ya bar layi, a ga katangar wa yake duka, a ga inda yake ajiye yashi. Sannan a kira na sama da na ƙasa a zauna a ƙofar mai unguwa, tun kafin daminar baɗi.